Wanda Ya Ji Ƙaho A Gida Ya Makara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga mahaifiyarki a Dogo zuwa gare ki, 'yata ta fari. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah Ya sa kun isa Damagaram lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin masauki, Ya sa ƙafarku ta sauka inda albarka take.

Na cusa wannan takarda cikin ƙullin kuka da daddawa don na san ke kaɗai za ki kwance shi. Kin san al'ada, ke ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dubi idonki mun yi doguwar magana ba. To abin da kunya ta hana baki, bari alƙalami ya ɗauka. Ajamin da na koya a gaban Malam mahaifina, na kuma koya miki, yau ga ranarsa. Ki karanta cikin kwanakin nan da za ku yi a gidan Kawu a Birni, tun ba ku ɗaure kaya karo na biyu ba.

Shekaranjiya ina bayan danga ina sheƙar gero na ji kina gaya wa ƙawarki Rabi cewa tunda maigidanki ya sami aikin ɗinka wa gardi, sojan Nasara, kaya a bariki, ba za ku zauna cikin Birni ba. Kwarin Dabino za ku tare, shi ya riƙa shiga gari da safe yana dawowa da yamma. Na ji kin ce, "Ai kusa ne, Inna ta ce har ƙahon bariki ana ji daga can." Faifai ya suɓuce daga hannuna. Kaji suka yi biki da gerona ina kallo, ban ko ce musu kur ba.

Ni na gaya miki haka, kuma ba ƙarya ba ne, ana ji. Amma rabin labari na ba ki, rabin mai zaƙi. Ga ɗaya rabin.

Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a kan duwatsun Damagaram ba. Babanki baduku ne, kin sani, aka ɗauke shi gyaran sirdi da linzami a bariki. Muka sauka a ɗaki ɗaya a gidan kawunsa cikin Birni, kina goye a bayana. Ni kuwa 'yar ƙauye ce, na tashi ina buɗe ido in ga gona har iyakar gani. A Birni in na buɗe ido katanga nake gani, in na miƙa hannu in taɓa wata katangar. Ruwa kuwa sai an yi sammako an yi dogon jira a bakin rijiya, a dawo da tulu ɗaya ana lallaɓa shi kamar mai. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya hana ni abinci. Ni dai zuciyata ce ta ƙi.

Ana nan, bayan an gama kaka, aka gayyace mu suna a Kwarin Dabino, muka tafi da matan gidan a kan jakuna muka kwana biyu. 'Yata, ba zan ɓoye miki ba, har yau in na rufe ido ina ganinsa. Dabino jere kamar 'yan mata sun fito wasa, lambunan albasa kore shar, rijiya gaba biyu ka taɓa ruwa, kurciyoyi suna kuka kamar suna kiran wani da ya yi nisa. Da safe ina alwala sai iska ta kawo mini ƙahon bariki, siriri, tar, kamar a bayan gida ake busa shi. Nan take na gama shawara ni kaɗai.

Da na koma na gaya wa babanki, sai ya ajiye basillarsa ya yi dariya.

"'Yar Dogo, shi ƙaho iska ce ke goya shi. Ni wa zai goya ni?"

Na ce, "Au, abin da ba shi da ƙafa ya iso, kai mai ƙafa biyu ka kasa?"

Ya ce, "Ai shi ba ya taka ƙaya."

Na ɗaure fuska kwana uku. Ina dafa masa, ina gaishe shi, amma dariyar da ya saba ji in ya shigo na hana shi. Ran na huɗu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ya ce, "Gara ƙafata ta yi ciwo da fuskar nan ta zauna haka. Haɗa kaya." Na ji daɗin maganar nan har na riƙa maimaita ta a raina ina daka. Ban san abin da na saya da ita ba.

Kuskurena na fari ke nan, da kunne na auna hanya. Sauti miƙewa yake yi ya tsallake duwatsu. Mutum kuwa sai ya kewaye su, ya faɗa cikin yashi mai cin ƙafa har idon sawu, ya gangara ya ƙetare ƙorama, sannan ya hau tudu ya hango ganuwa. A bariki ƙaho biyu ake busawa, na fari na tashin soji, na biyu na kiran suna. Wanda ƙaho na fari ya same shi a Kwarin Dabino, ko ya yi fiffike ba zai riski na biyu ba. Babanki kan fita tun kafin kiran salla, ya yi asuba a hanya a kan wani falalen dutse. Ni kuwa in ƙaho ya tashi sai in tsaya da muciya a hannu ina murmushi, ina cewa a raina yanzu shi ma yana jinsa, kunnuwanmu sun haɗu. Ashe a daidai lokacin gudu yake yi cikin yashi da jakar kayan aiki a kafaɗa.

Saboda haka kada ki yarda da "kusa ne" daga bakin kowa, har da nawa. Ki taka hanyar da ƙafarki, ba a kan jaki ba, da goyo a bayanki, a irin lokacin da maigidanki zai riƙa binta. In kin iso ƙofar Birni, ki tambayi kanki ko za ki iya juyawa ki koma bayan kin wuni kina aiki, gobe ma haka, jibi ma haka, har shekara.

Wata uku ba su cika ba na fara ganin abin a jikinsa. Dugadugansa suka tsage. Baduku ne amma takalmi ba ya yi masa wata guda, har yakan ce, "Na sami mai ciniki wanda ba ya yankewa, ni ne." Yakan iso bayan magariba, in ajiye masa tuwo, in juya ɗauko ruwa, in dawo in tarar ya jingina da bango barci ya kwashe shi da loma a hannu. Yana fita kina barci, yana dawowa kina barci. Wata Lahadi da yake gida ya miƙa hannu zai ɗauke ki, kika ƙwalla ƙara kika maƙale a zanena. Ya yi dariya ya ce, "'Yata ta ɗauke ni baƙo." Dariyar a baki ta tsaya. Na gani sarai, na kawar da kai, na ce ai yara haka suke. Na kai shi garin da na ce don iyali, garin ya cinye mini shi har iyalin ba su san fuskarsa ba. Ki lura da wannan. Gidan da mai shi ba ya ganin hasken rana a cikinsa sai ran Lahadi, ko yana da faɗin fili kamar na sarki, masauki ne.

Kuskure na biyu, a lokaci ɗaya na ga garin na yanke hukunci. Bayan kaka kowane gari amarya ne. Ranar da muka tare, maƙwabciyarmu Ya Gana, wata tsohuwa Babarbariya mai baki kamar barkono, ta shigo yi mana barka da zuwa. Ta kama hannuna ta ja ni gindin wani dabino can gangare, ta nuna mini wani baƙin zane a jikinsa daidai ƙirjina.

"Amaryar Birni, kin ga wannan? Me ya yi shi?"

Na ce, "Ko akuya ce ke soshe-soshe?"

Ta ce, "Akuyarku ta Birni raƙumi ce? Ruwa ne ya sa hannu, yarinya. Kowace damina sai ya zo ya duba kayansa."

Na yi dariya na ce tsofaffi ba sa rasa abin tsoratarwa. Ban tsaya na tambayi kaina ba, me ya sa wurin ya fi ko'ina kore? Ai don hanyar ruwa ce. Ƙoramar da muka taka busasshiya, yara na wasa a yashinta, da damina ta sauka sai ta zama wani abu daban. Wani lokaci ko ɗigo bai sauka a garinmu ba, can arewa aka yi ruwan, sai dai a ji ruguginsa yana tafe da itatuwa da matattun awaki. Ya tsare hanya rabin wuni, wani lokaci wuni guda, sannan ya janye kamar bai taɓa zuwa ba. Ga sauro, ga zazzaɓi gida-gida.

In za ki duba gari, kada ki tambayi mai gari, shi baƙi yake so. Ki nemi tsohuwar da ta fi kowa tsiwa ki kai mata goro ki zauna. Ki dubi jikin itatuwa da gindin katangu. Ki sa maigidanki ya bi ta maƙabarta ya ga ko gajerun kaburbura sun fi dogaye yawa. Na san maganar ba daɗi, amma maƙabarta ba ta yi wa baƙo ƙarya.

Akwai kuma wani ƙaramin laifi nawa da ya zama babba daga baya. Ban shiga mutane ba. Ba girman kai ba ne, kunya ce da son zaman kaɗaici, na fi son in zauna gindin dabino ina saƙa da warwara a raina. Amma su ba su san haka ba. Suka sa mini suna matar bariki, suka ce mijina na Nasara ne. Lokacin nan in an aiko wa mai gari ya ba da mazan da za su yi dakon kaya zuwa arewa, wa kike jin zai fara nunawa? Ɗan ƙanwarsa? Baƙon da ba shi da kowa. Abin da ya tsare babanki takardar aikinsa ce ta bariki kawai. Duk inda kika sauka, ki fita ki yi gaisuwar mutuwa, ki kama wa mata daka, ki ari gishiri ko kina da shi. Ranar da za ki nemi mutane ba ta yin sallama.

Yanzu na zo kan abin da na ɓoye miki.

Daminar nan ƙorama ta makarar da shi sau biyu. Karo na fari sarjan ya tsayar da shi a rana da sirdi a ka har azahar. Karo na biyu aka rufe shi kwana biyu a kaso, aka ce in ya ƙara na uku za a karɓe takardarsa. Wata Lahadi da la'asar yana zaune a kan tabarma yana shafa wa ƙafarsa man shanu, ya ce mini, ba tare da ya ɗago ba:

"'Yar Dogo, ki bar ni in riƙa kwana a zauren Kawu har ruwa ya ɗauke. Asabar in zo, in kwana biyu in koma. Wata biyu ne kawai."

Da na yi shiru ma da ya wadatar. Amma na ce, "To me aka yi aka yi aure? Ka kawo ni daji ka ajiye kamar tsohuwar tukunya, kai ka koma gari?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ni na kawo ki?"

Sau ɗaya tak ya taɓa faɗin haka a zamanmu. Na fashe da kuka, irin kukan da na san ba ya iya jurewa. Na ce in yana sona hanya ba za ta gagare shi ba. Ya goge hannunsa ya ce, "Shi ke nan, share hawayenki. Kullum za ki gan ni." Na tashi da murna na dama masa fura har da zuma. A ganina na ga iyakar so, mutum ya ratsa yashi da ruwa kowace rana don kada in ci tuwo ni kaɗai. Ban gane ba cewa da ni ina sonsa yadda ya kamata, ni ce zan ɗaure masa tabarmarsa in ce tafi ka kwana inda ƙafarka za ta huta.

Kwana tara bayan nan ya fita kamar kullum. Sama garau, ko gajimare babu. Abin da ya faru a bakin ƙorama wani tsohon manomi ne ya ba ni labari, shi ma ruwan ya tsare shi. Ya ce sun tarar da ita cike tana tafasa, ja wur. Babanki ya zauna ya jira, ya tashi, ya koma ya zauna. Har gari ya waye sosai. Sai ƙaho na fari ya tashi. Tsohon ya ce babanki yana jin sa sai ya miƙe ya cire takalmansa ya cusa a jaka, ya ɗaure jakar a ka da rawaninsa.

Tsohon ya ce masa, "Baduku, don Allah jira ya sauka!"

Ya ce, "Shi zai sauka, Baba. Sarjan ne ba ya sauka."

Ya yi bisimilla ya shiga. Ya kai tsakiya, ruwa a ƙirji, sai wani kututture ya taho.

Ni ma na ji ƙahon nan a gida. Ina tsaye da ke a hannu, na ce miki, "Ji can, Baba ya isa."

Na gaya miki zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ba zazzaɓi ba ne. Na san kwana ne ya ƙare, Malam ya gaya mini, kowa ya gaya mini, kuma na yarda da ƙaddara. Amma na san bakin da ya tura shi cikin ruwan. Da kika fara wayo kina tambayata ina aka haife ki, yaya Baba yake, na kasa ba ki wannan. Sai na riƙa ba ki dabino da kurciyoyi da mijin da ke dawowa kowace yamma saboda son matarsa. Kina kwance a cinyata kina lumshe ido, ni ma ina jin sanyi a raina, kamar in na faɗa da kyau zai zama haka aka yi. Wannan shi ne kuskurena na ƙarshe, kuma shi ne yake neman ya kai ki can da ƙafarki. Kada ki yi wa yaranki haka. Ɗaci da aka ba yaro da wuri magani ne, wanda aka ɓoye masa shi yake zuwa ya tarar da girmansa.

Na kuma san abin da ke jan ki wanda ba ki gaya wa Rabi ba. Kina so ɗanki, mai sunan babanki, ya tashi kusa da kabarin kakansa, ya riƙa zuwa ran Juma'a yana yi masa addu'a a gindin tsamiyar da na ce miki an sa shi. 'Yata, babu shi a gindin tsamiyar nan. Babu shi a Kwarin Dabino. Bayan kwana biyu aka tsince shi can nesa a gangare, kusa da wata ruga, mutanen wurin suka yi masa sutura suka rufe shi nan take don ba a iya jira. Jakarsa kawai aka kawo mini. Ban taɓa ganin wurin ba, wanda ya san shi ma ya daɗe da rasuwa. In kin je can domin ki kusance shi, ƙoramar kawai za ki tarar, tana nan inda take, kuma maigidanki ne zai riƙa ƙetare ta safe da yamma. Addu'a ba ta neman hanya, daga ko'ina kuka yi masa za ta same shi.

Akwai garuruwa a kan tudu ta wajen hanyar Mirya. Ba su da kyau, ba dabino, rijiyarsu sai an haɗa igiya biyu, iska na kaɗa mutum ta ko'ina. Amma tsakaninsu da ƙofar Birni babu ruwan da zai tsare mutum, kuma hanyar ba ta rabuwa da masu jakuna, in wani abu ya sami mutum akwai mai gani. Ku duba can. Ki bar maigidanki ya faɗi nasa, kuma in ya ce da nisa, to da nisa, kada ki ɗaure masa fuska. Na lura da shi, irin babanki ne, mai saurin ba da kai. Irinsu ba a gwada su, don duk abin da ka roƙa sai su ba ka. In kuma ba a sami wurin da ya dace ba, ki karɓi ɗakin nan na Birni da ƙuncinsa da layin rijiyarsa, ki gode wa Allah. Katanga ba ta taɓa cin kowa ba.

In kin ji haushina, ki ji, kina da gaskiya, shekara ashirin na riƙe miki abin da yake naki. Ina roƙon ki gafara, ni da na haife ki. Ba sai kin rubuto mini amsa ba, na san kunyar da ke tsakaninmu ba za ta bar ki ba. Masu zuwa cin kasuwar Dogo ba sa rasa labari. Ranar da ɗayansu ya ce mini ya gan ku kun sauke kaya a wani gari, ya faɗi sunan garin, na ji amsarki.

Ki gaishe da Kawu da mutanen gidansa. Ki gaishe da maigidanki, ki ce ina sa masa albarka. Ki shafa mini kan 'yar ƙaramar, shi kuma angona ki gaya masa in ya sake ya manta da ni, na fasa auren.

Allah Ya zaɓa muku mazauni da zaɓinSa, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari. Allah Ya sa duk wanda ya fita daga ɗakinki da safe ya dawo miki da ƙafarsa. Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya yafe wa wadda ta rage. Amin.

Ni ce mahaifiyarki.